Kofin Kellu

Daga Alƙahira, zuwa ga Ya Falmata.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yaran da muka bar miki. Yaya mutanen Bulumkutu? Matata Kellu tana gaishe ki. Tana ɗan taɓa abinci, ni kuma ƙafafuna ne kawai suka gaji da hawa benen asibiti.

Sakamako ya fito jiya. Ba cutar tarin tibi ba ce, Yaya. Hoton ƙirjin da aka ɗauka a gida ne ya yi kama da ita, shi ya sa aka yi ta ba Kellu maganin tibi wata takwas. A nan sun sake hoto, suka ciro ɗan nama daga huhunta da allura suka duba. Likita ya ce cutar kansa ce, wato ciwon daji, irin wadda ba kasafai ake gani ba. Sai sun ƙara gwada naman kafin su zaɓi magani. Ya ce akwai abin yi, ban tambayi fiye da haka ba.

Ki turo mana hoton farko, yana saman durowa. Suna so su ga yadda abin ya girma.

Kellu tambaya ɗaya ta yi: ana ɗauka? Likita ya ce a'a. Wata takwas ba ta rungumi autanmu Imran ba, kuma ni na hana.

Kofinta da na ɗaura wa jan zare na ware a kan taga, ki kwance zaren ki mayar da shi cikin sauran. Ki bar Imran ya sha ruwa da shi.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙaninki,
Madu