Hanyar da Mahbub Ya Taka Mini a Gona

Zuwa ga Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a Fatakwal, Allah Ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan Garo sai godiya. Inna ta warware har tana fitowa tsakar gida.

To Yaya, ɗanka Mahbub ya zo mana da abin da ya karanto a jami'a, kuma wallahi raina a ɓace yake. Na ɗauka mai zane da fenti yake aiki, ashe shi da ƙafa yake nasa! Bayan an kwashe amfani ya roƙi aron gonata ta gado, na ba shi. Kullum da safe sai ya taka daga bakin titi zuwa gindin tsamiya, ya dawo, ya koma, kamar wanda ya yar da allura, har ƙasa ta daddale. Ya jera tsakuwa da karan dawa gefe da gefe, ya hau tsamiya yana ɗaukar hoto. Na tambaye shi me zai shuka a wurin, wai ƙasa ce takardarsa, sawunsa ne alƙalami. Oh ni Hajaratu! Akuyata ma tana irin wannan zanen a turke, ba ta taɓa neman digiri ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to kai dai manomi ne, shi ban san inda ya kwaso wannan ba.

Ka san mutanenmu, in sun ga turba ba sa tambayar mai ita. Masu zuwa kasuwa suka gane yanke ne, daga masu ƙafa sai masu jakuna, yanzu har 'yan acaɓa. Na sa ƙaya na toshe, aka janye. Na kai kuka wurin mai unguwa, ya ce hanyar da jama'a suka saba bi ba a rufe ta, in yi haƙuri in samu lada. Da lada zan ciyar da marayuna? Ga damina ta matso, tsakiyar nan mai taki, inda gyaɗa ta fi yi, ta zama titi. Na gaya wa Mahbub ina hawaye, sai ya washe baki wai aikinsa ya rayu tunda jama'a sun shiga ciki. Shekaranjiya ya wuce Abuja, za a rataye hoton a bango manya su kalla. Shi ya tafi da hoto, ni ya bar ni da hanya.

A gaida Anti Murja da Zinnira da Uwaisu. In za ka zo da salla kada ka wahalar da ƙafarka da zagaye, ka biyo ta tsakiyar gonata, kowa ma nan yake bi.

Taka ƙanwa,
Hajaratu