Ni na wanke mashin ɗin marigayi har birkinsa ya ƙame

Anti Najiba, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Litinin, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Maigidana Andrawus ya rasu bara bayan gajeriyar rashin lafiya. A wurinmu ba a taɓa kayan mamaci sai dangi sun zauna a kansu, shi ya sa mashin ɗinsa ya zauna a gindin mangwaro a gidanmu na Mayo Gwoi. Da ransa duk Asabar yake wanke shi, yana ta waƙoƙin coci da muryar nan tasa marar daɗi. Da ya tafi na kasa ganin mashin ɗin da datti. Sai na ci gaba da wanke shi duk Asabar da ruwa da sabulu, har cikin ƙafafun nake watsa ruwa. Ban san cewa shi idan ya wanke yakan hau ya zaga, ya dawo ya sa wa sarƙa mai ba. Wankin kawai nake gani.

Yanzu dangi sun zauna, sun bar wa ɗanmu Joseph mashin ɗin. Ya samu aikin koyarwa a wani ƙauye bayan Sunkani, ranar Litinin zai fara, hanyar kuma da gangara da rafi. Da ya zo tura mashin ɗin, ƙafar gaba ta ƙi juyawa. Aka kira Malam Hambali, bakaniken da yake yi wa babansa gyara tun da daɗewa. Ya ce kalifa ce ta ƙame, wato abin nan da yake damƙe faifan birki, ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Ya ce sarƙar ma ta ci tsatsa, kuma dama ta saki, sai an canza ta tare da faifai masu haƙora da take bi. Bai ce laifina ba ne, amma ya tambaya wa yake wanke mashin ɗin.

Ƙanin maigidana Zacchaeus ya ce bakanike dai ba ya rasa abin canzawa. Wai a zuba baƙin mai a birkin a buga da guduma zai saki, sarƙa kuma a yanke gaɓa ɗaya ta ɗame, haka suke yi a gona. Joseph ya fi son wannan don sauri yake yi. Ni kuma Anti, gaskiya ba na so a cire sarƙar nan. Andrawus ne ya ɗaura ta da hannunsa, ina zaune ina ɓare gyaɗa ina kallonsa. Rigunansa an raba, takalmansa an raba. Amma idan na rufe ido sai in ga Joseph a gangara yana matsa birki ba ya kamawa. Shi kaɗai gare ni. Me zan yi?

Uwa mai fargaba, Jalingo

AMSA

'Yar'uwata, Allah ya ƙara miki haƙuri. Wankin da kika yi ƙauna ce, kada ki mayar da shi laifi. Mashin da ya yi damina a waje ba a hawa, ko ba ki taɓa shi ba zai iya ƙamewa.

Zacchaeus ba mugunta yake nufi ba, dabararsa takan kai mutum gida daga gona a hankali. Ba ta isa a ɗora mata ran ɗanki a gangara kullum ba. Na tambayi masu wannan aiki, bakinsu ɗaya. Baƙin mai idan ya taɓa takalmin birki sai ya riƙa santsi, kuma yana kumbura robar da ke cikin kalifa. Guduma na iya sa ƙafa ta juya yau, gobe birkin ya sake riƙewa ana cikin tafiya. Gyaran gaskiya shi ne a kwance kalifar, a goge tsatsar, a sa sabuwar roba da sabon takalmi, a zuba sabon man birki a fitar da iska. Idan tsatsar ta ci ƙarfen da yawa, a canza kalifar gaba ɗaya. Sarƙar da ta saki kuwa, yanke gaɓa ba ya mayar da ita sabuwa, tana iya tsalle ta sarƙe ƙafar baya. Hambali ya yi daidai da ya ce a canza ta tare da faifai masu haƙoran nan, don tsofaffin haƙora cinye sabuwar sarƙa suke yi.

Ki kira Joseph ki gaya masa abin da kike gani idan kin rufe ido, kamar yadda kika gaya mini. Litinin ɗin nan ya hau mota zuwa Sunkani, ya nemi mai ƙarasa da shi. Mashin ya zauna wurin Hambali har sai an gama an gwada shi a fili. Zacchaeus kuma ki gode masa, ki roƙe shi ya tsaya a kan gyaran a madadin yayansa.

Sarƙar ba sai an jefar ba. Ki ce wa Hambali ya wanke ta da kananzir ya ba ki, ki ajiye a ɗakinki. Andrawus ya ɗaura ta ne don ya riƙa dawo miki lafiya, kuma ta yi aikinta. Sabuwar ta Joseph ce. Idan ya zo gida ranar Asabar ki wanke masa mashin ɗin in kina so, shi kuma ya hau ya zaga ya sa mai.

Allah ya tsare miki shi, ya sanyaya zuciyarki.