Na Kashe Kaskon Turare

Ya kai maigidana Bilal, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randata ranar ƙishi! Gaisuwa daga ɗakinmu na unguwar Zariya zuwa gidan Inna mahaifiyarka a Jiratawa, inda kake jinya yau kwana goma sha tara.

Ka tuna makonmu na farko, ranar da ka dawo daga kasuwa da la'asar, ka tarar na turara ɗaki har hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofa? Ka tsaya kana murmushi, idanunka sun kawo ruwa. Ni sakarya na ɗauka ƙauna ce ta sa ka hawaye! Shekara biyu ina ƙara garwashi, ina rufe tagogi kada ƙamshinka ya tsere wa maƙwabta, kai kuwa ka zagaya bayan ɗaki ka yi tarinka a ɓoye, ka dawo kana yaba mini. Me ya hana ka gaya mini kana da ciwon asma? Don kada ka kunyata amarya? Sai da ka faɗi a kan tabarma, numfashinka yana fito kamar iska a tsagar ƙofa. Da likita ya tambayi abin da muke ƙonawa a ɗaki, na lissafa masa da bakina, ina jin kamar mai amsa laifin kisa. Wayyo ni, da hannun da nake dafa maka tuwo na shaƙe ka!

Yanzu kaskon ya mutu. Turaren da gwaggona ta haɗa mini na aure na ba Maman Lawali maƙwabciyarmu, ta karɓa tana tsokanata wai na zama gwauruwa da mijina a raye. Na daina kunna maganin sauro, na ɗaura gidan sauro. Murhun gawayi ya koma ƙarshen tsakar gida. Labulaye na wanke su sau uku, katifa ta sha rana har ta gaji, tagogi a buɗe suke tun asuba.

Ɗakin ya yi tsabta, masoyina, amma ba ya ƙamshin kowa. Ina shiga sai in ji kamar baƙuwa. Tsoro nake ji: macen da ka aura mai ƙamshi ce. Wannan da ta rage, mai warin sabulu da rana, za ka gane ta?

Inna ta aiko cewa iskar Jiratawa ta karɓe ka, ba ta ga dalilin dawowarka ba. Ban ga laifinta ba. Roƙona ɗaya ne: ka zo ranar Juma'a, ka tsaya a bakin ƙofa, ka ja numfashi sau ɗaya. In ƙirjinka ya yarda, shigo. In ka yi tari, don Allah kada ka ɓoye mini, ka juya. Ni da kaina zan tsayar maka da kabu-kabu, ba zan yi kuka ba sai ka sha kwana.

Taka har numfashina na ƙarshe, ko kana nan ko kana can,
Nasiba