Dattijon da Ke Fita Ana Wa'azi

Lahadi, 3 ga Maris
Yau ma na tashi ana tsakiyar wa'azi. Mu dattawan coci a gaba muke zama, muna fuskantar jama'a, don haka rabin unguwar Narayi sun ga fitata. Fitsari ne. In ya zo ba ya sallama, ba ya jira.

Talata, 12 ga Maris
Na rage shan ruwa, sai shayi. Abin ya ƙaru. Matata Edith ta ce, "Maigida, wane irin azumi ne wannan da shayi ba ya karya shi?" Na buɗe jarida.

Lahadi, 17 ga Maris
Ta ɓaci. A cocinmu dattijo ba ya fita ana wa'azi sai in bai yarda da mai wa'azin ba. Ben, shugaban matasa, ya tare ni a ƙofa. "Baba, mun gane saƙonka. Fasto Ayuban nan ba zai yi Ista da mu ba." Na gyaɗa kai kamar mai zurfin tunani. Allah ya gafarta mini, gara a ce mini ɗan tawaye da a ce mai jiƙa wando.

Alhamis, 21 ga Maris
Na tafi asibiti har Kamazou don kada a gane ni. Likitar Vivian ce, wadda na koya wa adabi a sakandare! Ta ce mafitsara tsoka ce, in ta cika sai jijiyoyi su sanar da ƙwaƙwalwa, ita mafitsarar ta jira izini. Tawa tun ba ta cika ba take matsewa. "Malam, ka sha ruwa, ka bar shayi, ka koya mata jira kaɗan-kaɗan." Ashe mafitsarar nan ɗaliba ce marar ladabi a cikina. Takalmana na yi ta kallo.

Laraba, 27 ga Maris
Fasto Ayuba ya zo gida. Sa'an ɗana ne. Ya ƙi kujera, ya durƙusa. "Baba, in na yi laifi ka faɗa mini. Matata ta fara ɗaure kaya." Na daɗe ina goge tabarau.

Lahadi, 31 ga Maris, Ista
Na koma bencin baya, kusa da ƙofa. Don iska ne kawai. Ben ya tambaye ni dalili a gaban yaransa, na faɗa masa, da sunan abin. Ya rasa inda zai sa idonsa.
Fasto ya yi wa'azi mai tsawo, kamar kullum. Na fita, na dawo. Babu wanda ya waiwaya.