Tuzuru Mai 'Ya'ya Biyu

Melsisi, 3 ga Fabrairu

Baban Odil,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa. Odil ta koma makaranta, ƙaninta Firmin da Inna suna gaishe ka.

Na koma rubutu a takarda ne saboda duk ranar da na hau tudu na samu layin waya na ɗauko maganar nan, sai ka ce ba ka ji na. Maganar gonar kava, saiwar nan da ake jiƙawa a sha, kana jinta tangaran, maganar zuwana ce kaɗai iska ke kwashewa. To ga ta a rubuce, malamar makaranta za ta ɗauki hotonta ta turo maka, in ga iskar da za ta kwashe wannan.

Sun ɗauke ni aiki. Kamfanin da ya kai ka mayanka shi ne ke neman mata masu kula da tsofaffi, a garin da kake can Ostareliya, na shekara biyu. Sun ce dala ɗari tara a mako kafin a cire abin da za a cire. Shekara tara ina wanke marasa lafiya a nan, albashina na wata bai kama ƙafar wannan ba. Amma ni ba yarinya ba ce da za a ruɗe ni da babbar lamba. Ka faɗa mini nawa suke cirewa, nawa ne ɗaki, nawa mutum ke ci. Sannan matar Vira da ta dawo daga can ta ce akwai ɗakin ma'aurata a bayan gidan ma'aikata, kuma babu kowa a ciki. Shekara uku kana can ba ka taɓa ambata mini shi ba. Me ya sa?

Na gaji da zaman aure da waya. Ka amsa mini kafin jirgin ruwan da ke zuwa Vila, babban birni, ya zo.

Matarka,
Mabonlala

Kwinslan, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Maman Odil,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina taya ki murna. Sun san ma'aikaciya da suka gan ta. Sai dai ina roƙonki ki karanta wannan da sanyin zuciya.

Dala ɗari taran nan a takarda take. Gwamnati za ta ɗauki haraji. Gado ɗaya a ɗakin mutum biyu dala ɗari da saba'in ne a mako. Akwai kuɗin motar da ke kai ku aiki, da na asibiti, da na jirgin da suka biya miki wanda za su riƙa cira har wata huɗu. Gwaza guda, irin wanda kike jefa wa aladu, na saye shi dala tara ranar Asabar, kuma ɗaci gare shi. Idan kika ajiye ɗari huɗu a mako kin yi ƙoƙari. Ga sanyi daga watan Yuni, ke kuma kin san ƙirjinki.

Game da zama, doka ce da su mai tsauri. Gidan maza daban, na mata daban, titi ne a tsakani. Namiji ba ya wuce barandar gidan mata, baƙo kuma ƙarfe takwas zai tashi. Wanda aka kama a ɗaki, gida za a mayar da shi. Ɗakin ma'auratan da aka faɗa miki ƙarami ne, kuma samunsa akwai wahala. Matar Vira ba komai ta sani ba.

Shawarata ki zauna ki kula da yara da Inna. Saura mini shekara ɗaya, in dawo mu rufa gidan da kwano.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Naki har kullum,
Tabisang

Vila, 24 ga Fabrairu

Tabisang,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa.

Lissafinka na karanta sau uku. Ɗari huɗu a mako ya ishi makarantar Odil har ya sayi kwanon, don haka ban ga abin tsoro ba, na shiga jirgi na zo Vila. Amma tun a hanya na san ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da shekara uku yake ce mini ya yi kewata, yau shi ke tuna mini da ƙirjina.

Jiya na shiga ofishin kamfanin. Na zauna gaban wata yarinya mai dogon farce, ta girmi Odil da kaɗan, na ce ina neman ɗakin ma'aurata, mijina yana can. Ta tambayi sunanka na faɗa. Ta danna abinta, ta dube ni, ta sake dannawa. Sai ta rage murya ta ce, “Mama, kin tabbata shi ne? Wannan ai ba shi da aure.” Na yi dariya na ce ta duba da kyau, Tabisang da yawa ne a tsibirinmu. Sai ta juyo mini da fuskar na'urar. Ga hotonka, ga tabon adda a goshinka, wanda ni na ɗinke shi. Ga gurbi biyu, mai aure da marar aure, ga alamarka a na biyun, ga sa hannunka. Ba takarda ɗaya ba, uku. Duk shekara in ka sabunta sai ka sake sakina.

Akwai mata biyu daga ƙauyenmu a kan benci a bayana, kuma kunnensu lafiya lau. Kafin in isa masauki labari ya riga ni Melsisi.

Shekara goma sha shida. Aladu takwas danginka suka ɗaure a filin ƙauyenmu, biyu masu haure da ya zagaye, da jan tabarmi arba'in. Babana ya lulluɓe ni da jar tabarma da hannunsa, yana kuka, ya miƙa ni ga kawunka a gaban ƙauye huɗu. Ashe tuzuru ya ba wa. To Odil da Firmin 'ya'yan wa ye, na iska?

Abin da ya fi ƙona mini rai ba alamar ba ce. Da na tambaye ka, ka zauna ka jera mini kuɗin gwaza. Ka raina mini hankali, Tabisang, kuma ka sa yarinya mai farce ta ji tausayina.

Mabonlala

Kwinslan, 26 ga Fabrairu

Zuwa ga Maman Odil,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Ki ji yadda aka yi. Ranar da muka je cika takarda mu sittin ne a layi, ashirin za a ɗauka. Magatakarda ya ce, “Kana da aure?” Na ce ina da shi. Ya ce, “Ina takardar?” Na ce na gargajiya ne. Ya ce su ba su san alade ba, takarda suka sani, kuma in na ce sai na koma na nemo shaida, jirgi ba zai jira ni ba. Ya nuna mini gurbi da bakin biro, na sa alama. Guguwa ta kwashe mana rufi a lokacin, kin sani, a ƙarƙashin leda kuke kwana. Shekara ta biyu da ta uku kuwa tsoro ne. A nan wanda aka samu ya yi ƙarya a takarda ana iya soke aikinsa. In na gyara, na tona kaina.

Ban taɓa kallon wata mace ba, ki tambayi duk wanda kike so. Na ɓoye miki ne don kunya.

Amma na yi tambaya, akwai mafita mai sauƙi. Zan ɗauki hutun mako guda in zo Vila a watan Afrilu. Mu je ofishin rajista da shaidu biyu, minti goma ne, mu yi auren gaske, a ba mu takarda da kwanan watan bana. Sai in kawo ta nan in ce sabon aure na yi. Babu wanda ya yi ƙarya, a ba mu ɗakin, dala ɗari biyu da sittin mu biyu, har mun rage tamanin a mako. Ki duba wannan da idon basira.

Naki,
Tabisang

Melsisi, 5 ga Maris

Zuwa ga mijin ƙanwata,

Ni ne Bulewak. Ina gaishe ka da aiki. Ka san ni ba gwanin rubutu ba ne, to ka yi haƙuri da hannuna.

Mabonlala ta turo mini takardarka ta ce ita ba za ta amsa ba, don in ta amsa ba za a iya karantawa a gaban yara ba. Na kai ta wurin dattawa da yamma ana shan kava, na karanta musu. Suna ta gyaɗa kai, har kawunka ya ce yaron nan yunwa ce ta sa shi, a yi masa uzuri. Sai na zo kan “auren gaske”. Kawunka ya ajiye ƙoƙonsa bai shanye ba, ya tashi ya tafi gida. Shi ya karɓi ƙanwata daga hannun babanmu, kai ka sani.

In na minti goma shi ne na gaske, wanda muka kwana uku muna yi wasan yara ke nan. To ka aiko a faɗa mana inda za mu mayar da aladun. Shida mun cinye, haure biyu suna rataye a ɗakina, ko gobe sai in sauke.

Ba mu ƙi takarda ba. Fadan cocinmu ya daɗe yana cewa ku zo a rubuta, kai kake cewa sai kun yi rufi. Amma takardar da za ta ce bana kuka yi aure, ta mayar da Odil 'yar da aka haifa shekara goma sha biyar kafin auren uwarta, wannan ba za a yi ta da yawunmu ba. Babanmu ba ya raye balle ya tsaya wa abin da ya ɗaura, ni zan tsaya.

Magana ɗaya ce. Inda ka je ka ce ba ka da mata, nan za ka koma da ƙafarka ka ce kana da ita, tun shekara goma sha shida. In sun kore ka, gonarka tana nan, adda ma akwai. Ba ka fi mu da muke noma ba.

Ka huta lafiya.

Yayan matarka, in har kana da mata,
Bulewak

Gidan mata, ɗaki na shida, 18 ga Mayu

Zuwa ga Tabisang, gidan maza,

Ina kwana. Na ba direban mota wannan ya tsallaka maka da ita, tunda titi ne kawai.

Na gan ka jiya da muka sauka, kana tsaye gindin fitila da leda a hannu. Ka rame. Ledar ta iso, na raba wa 'yan ɗakinmu biskit ɗin, rigar sanyin kuma na sa, don sanyi bai yi mini laifin komai ba.

Wata biyu da rabi ke nan da takardar Yaya, ba ka amsa masa ba. Kuɗi kake ta turowa, har na rufin ya cika. Mun gode. Ba kwano muka tambaye ka ba.

Bari in gaya maka yadda na cika tawa takardar. Na sa alama a gurbin mai aure. Inda suka ce lambar shaidar aure na rubuta: aladu takwas, jan tabarmi arba'in, ƙauye huɗu. Yarinyar ta ce na'ura ba za ta karɓa ba. Na ce ta bar shi haka, ni ma ban karɓi na'urar ba. Ta kira babbanta, aka yi ta kai da komo, a ƙarshe suka rubuta mai aure, babu shaida, suka ba ni gado a nan. Ba wanda ya kore ni. Lissafinka kuma daidai ne, har gwazan na saya, da ɗacinsa.

To ga inda muke. A takardata ina da miji, a taka ba ka da mata. Dokar gidan nan da ka tsoratar da ni da ita na karanta ta a jikin ƙofa, kuma ta yi mini daidai. Kada ka zo baranda ka zauna mini kamar saurayi, matar aure ce ni, ba na zance da tuzurai. Tabarmar da Baba ya lulluɓe ni da ita tana ƙasan akwatina. Na zo da ita don in shimfiɗa a ɗakin can na baya. Ta tagar bayanmu ina hango shi, har yanzu a kulle yake.

Mabonlala, matar aure

Gidan maza, 19 ga Mayu

Maman Odil,

Ina gaishe ki. Na rubuta wa Yaya.

Gobe Litinin ƙarfe bakwai zan shiga ofis in faɗa musu gaskiyar takardun, duka ukun. Na riga na ɗaure kayana, don ban san ko zan fito da aiki ba. Za su tambaye ni shaida. In kin yarda ki ba direba aron tabarmar ya kawo mini, ita kaɗai ce takardar da nake da ita.

Mijinki tun shekara goma sha shida,
Tabisang