Rasuwar Malama Eteri Kobaladze, Mai Koyar da Jojiyanci a Tsaunukan Javakheti

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Malaman Jojiyanci a Makarantun Ƙananan Ƙabilu take sanar da 'ya'yanta da ɗaukacin jama'a cewa ta sami labarin rasuwar uwa a gare mu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, kuma tsohuwar Shugabar Kwamitinta na Horar da Malamai, Malama Eteri Kobaladze, wadda zuciyarta ta tsaya da hantsin ranar Talata a bakin ƙofar ajinta, a gundumar Ninotsminda ta ƙasar Jojiya, tana da shekara sittin da huɗu.

Marigayiyar 'yar Kutaisi ce, kuma ba ta taɓa ɓoye abin da ya kai ta ƙauyen Armeniyawa ba, inda dusar ƙanƙara kan toshe hanya makonni. Tana ɗaliba a Tbilisi, ta je dubiya wani asibiti, ta tarar da wata mata 'yar tsauni rungume da 'yarta, tana ta bayani da Armeniyanci, babu mai fahimta, ita kuma ba ta jin abin da ake tambayarta. Kafin a samo tafinta an yi wa yarinyar maganin abin da ba shi ke damunta ba, washegari ta cika. Malama Eteri takan ce shekara arba'in muryar matar nan ba ta bar kunnenta ba. Shi ya sa darasinta na farko ga kowane sabon aji bai taɓa zama gaisuwa ba. Yaro zai ɗora hannu a jikinsa, ya ce da Jojiyanci, "Nan ke yi mini ciwo."

Ba ta yarda da haddar da babu fahimta ba. Abin da ta dage a kai shi ne yaro ya san yadda zai koya wa kansa bayan malami ya juya baya: ya gano ma'anar baƙuwar kalma daga kalmomin da ke kewaye da ita, ya koya wa kakarsa kalma ɗaya kullum a wajen tonon dankali, ranar Juma'a kuma ya faɗa wa aji dabarar da ta yi masa aiki da wadda ta ƙi. Idan malami a wajen horo ya yi ƙorafin cewa yaran ba su da ƙwaƙwalwa, sai ta ce, "Haba ɗana, yaron da ke jin harshe biyu ne ba shi da kai, kai mai ɗaya kake da shi?" Saboda kwanakin da hanya ke rufewa, ta naɗi muryarta a waya tana tambayoyi, tana barin shiru bayan kowace tambaya domin yara su amsa. Shugabar makarantar, Malama Siranush Darbinyan, ta shaida mana cewa tun ranar Laraba 'yan ajin ƙarshe suke shiga a kan lokaci, su kunna muryar, su amsa mata ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ta ce, "Ban ji ki ba, 'yata, ɗaga murya," sai duk 'yan matan su ɗaga.

Wajibi ne wannan ƙungiya ta faɗi abin da ke damunta a gaban jama'a. A watan Fabrairu marigayiyar ta rubuto mana cewa numfashinta na yankewa idan ta hau matakalar makaranta, ta roƙi a tura mata wanda zai kama mata aiki har yara goma sha tara na ajin ƙarshe su rubuta jarrabawar shiga jami'a. Mun amsa mata cewa za a duba batun a zaman kwamiti na bazara. Ni mai rubuta wannan sanarwa, ni na sa hannu a wannan amsa. Ba a yi zaman ba har yau, kuma ba mu da uzurin da za mu kawo. Kwamitin Zartarwa ya amince malamai biyu su isa ƙauyen ranar Litinin, su zauna har a gama jarrabawa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Dattijo Otar Kobaladze, da 'yarsu Likita Rusudan, da jikokinta, da mutanen ƙauyen da suka roƙi a binne ta a maƙabartarsu, iyalinta kuma suka amince. Allah Ya ji ƙanta, Ya sa ta huta, Ya ba iyalinta da ɗalibanta juriyar wannan babban rashi. Za a yi jana'iza ranar Asabar da rana, za kuma a sanar da wurin addu'ar kwana arba'in.

A ƙarshe, muna godiya ga 'yan ajin ƙarshe, waɗanda su ne suka riga kowa yi mana ta'aziyya, cikin wasiƙa mai shafi biyu da suka rubuta da Jojiyanci ba tare da taimakon kowa ba. Akwai kurakurai bakwai a cikinta. Mu malamai goma sha ɗaya muka karanta ta a ofis, hannu zuwa hannu, babu wanda ya iya ɗaukar jan biro.

Sa hannu:
Tamaz Khutsishvili
Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Shugaba da Kwamitin Zartarwa