Gayaunar Saje Habu

Zuwa ga Kawu Malam Isa a Gwanja,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan Zurgu lafiya lau, sai dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Kawu, maganar ƙanena Habu ce. Wani soja ɗan garin Fassi, wanda suka tafi yaƙin Jamus tare, ya kawo mana jar hularsa da layar da Inna ta ba shi. Ya ce Habu ya zama saje kafin harsashi ya same shi, kuma da hannunsa ya binne shi can ƙasar Kamaru. Yaron da ko gemu bai gama fito masa ba!

Mun yi sadaka, amma Inna ta ƙi karɓar gaisuwa. Ta ce, "Hula kuka nuna mini, ba ɗana ba."

Da ruwan shuka ya sauka, na ɗauki iri na nufi gayaunarsa don kada ta zauna haka. Ashe Inna ta riga ni, tana zuba gero tana rufewa da ƙafa. Na ce, "Inna, wa zai nome?" Ta ce, "Mai ita. Kada ka taɓa masa."

Kawu, maganarka kaɗai take ji. Don Allah ka aiko mata da saƙo, ko ka zo da kanka. Ka gaida mutanen gida, ku sa mu a addu'a.

Geron ya tsiro, ciyawa na neman cinye shi. Kullum ina tsaye bakin gonar da fartanya, na kasa shiga.

Ɗanka,
Musa